Garin da Dutse Ya Goya

Duk wanda zai kai iyalinsa Vernazza, kafin ya duba aljihunsa ya fara duba gwiwoyin mutanen gidansa. Gari ne da ba shi da fili. Titi ɗaya ne tal a kwance, ya taso daga tashar jirgin ƙasa ya gangara bakin teku, kuma yaro zai iya gama shi da gudu kafin babba ya ɗaura igiyar takalmi. Duk abin da ya rage matakala ce: matakala zuwa gida, matakala zuwa gona, matakala zuwa maƙabarta, wadda ita ma can bisa tudu aka kafa ta.

Vernazza ɗaya ce daga ƙauyuka biyar da ake kira Cinque Terre, a gaɓar Liguriya da ke arewa maso yammacin Italiya, tsakanin Jenowa da La Spezia. Sauran su ne Monterosso, Corniglia, Manarola da Riomaggiore. Idan aka haɗa mazaunansu duka ba su cika dubu huɗu ba, amma baƙin da ke tattaka su a shekara miliyoyi ne. Mu ma cikin miliyoyin muka shiga: ni da maiɗakina, da 'yarmu babba, da autanmu namiji, sai surukata Hajiya, wadda asali ganin ɗanta da ke aiki a Jenowa ya kawo ta ƙasar, ba kallon duwatsu ba. Yaran ne suka matsa. Sun kalli Luca, fim ɗin zane da kamfanin Pixar ya fitar a 2021, wanda aka zana garin cikinsa da kamannin waɗannan ƙauyuka, tun daga ranar kuwa suka hana kowa sakat.

Jirgin ƙasa daga Jenowa rabin tafiyarsa a cikin duhu yake yin ta. An huda duwatsun ne aka shimfiɗa layin, aka buɗe shi a 1874, kafin nan kuwa mutanen wurin ba su da hanya sai ta ruwa ko ta ƙafa. Jirgi zai fito daga rami, teku ya haska taga, kafin ka ce wa yaro "duba" an sake shiga wani ramin. Ita kanta tashar Vernazza yawancin dandamalinta a cikin rami yake, don haka a duhu muka sauka muna lalubar jakunkuna, muka bi ayarin mutane har zuwa inda haske yake.

Gidan da muka kama haya, hotonsa a intanet taga ce da teku a gabanta. Hoton bai yi ƙarya ba. Abin da bai nuna ba shi ne lungun da za ka bi ka kai ga tagar, wanda faɗinsa bai wuce mutum ɗaya da jaka ba, matakalarsa kuma babu biyu masu tsayi ɗaya. Hajiya ta tsaya a ƙasa ta ɗaga kai, ta daɗe tana kallo. Ba ta yi mini magana ba, don ba ta saba ba. 'Yarta ta juya ta kalla.

"Ki tambayi maigidanki, a sama za mu kwana ko a ƙasa?"

Auta ya riga ya kai rabin hawan, ya leƙo yana dariya. Ta ce masa, "Kai kuma mijin banza, ka bar matarka a titi ka gudu? Sauko ka goya ni."

"Ai tun a tasha na sake ki, Kaka."

"Ka yi wa kanka. Yau ba ka da tuwo."

Haka aka hau, ana hutawa ana tsokana, babbar ta riƙe mata hannu, ni kuma na yi ta safarar kaya. Da muka isa Hajiya ta zauna bakin tagar ta sanar cewa sau ɗaya za ta riƙa sauka a yini, kowa ya shirya harkarsa a kan haka. Tsarin tafiyar da na rubuta a waya tun daga gida, na ƙauye kaza da safe ƙauye kaza da yamma, a nan ya ƙare, ban kuma yi kewarsa ba.

Mutum zai tambayi kansa me ya sa jama'a za su zaɓi wannan matsatsin su yi gari. Amsar tana tsaye a kan dutsen da ya rufe bakin tashar ruwa: hasumiyar tsohuwar ganuwar Doria, wadda daga kanta ake hango duk abin da ke tahowa ta teku. Ƙarnuka da dama abin da ke tahowa ba alheri ba ne. A 1545 Turgut Reis, jagoran jiragen yaƙin Daular Usmaniyya da Turawa ke kira Dragut, ya afka wa Monterosso da Corniglia, maƙwabtan Vernazza na dama da hagu. Shi ne daga baya ya mulki Tarabulus, birnin da fataken Kano suka sani ta hanyar Sahara, can kuma kabarinsa yake, ko da yake a yaƙin Malta na 1565 aka kashe shi. A wajen Turkawa gwarzo ne, a wannan gaɓar kuwa ɗan fashin teku. Lungunan da suka wahalar da Hajiya an matse su ne don baƙon da ya shigo da takobi ya ruɗe, gidaje da yawa kuma ƙofa biyu gare su, ɗaya a lungun ƙasa ɗaya a na sama, don a samu ta gudu. Abin da ya ja mutane Vernazza musamman shi ne ita kaɗai cikin biyar ɗin Allah ya ba ta ɗan lungun ruwa da jirgi zai fake. Cocin Santa Margherita, da aka gina a 1318, a kan dutsen bakin wannan ruwan take zaune, har igiyar ruwa na dukan gindinta.

Abinci bai ba mu wahala ba. Akwai ƙananan kifayen nan da Monterosso ta yi suna da su, ana soya su a zuba a takarda, ko a jiƙa su da lemun tsami da man zaitun. Akwai taliya da miyar ɗaɗɗoya da aka daka da tafarnuwa da cuku, wadda Jenowa ke alfahari da ita, da farinata, wata faffaɗar waina ta garin wake da ake gasawa a tanda. Inda ake buƙatar tambaya shi ne wajen burodinsu mai laushi da suke kira focaccia, domin wasu masu gashi na sa kitsen alade maimakon man zaitun zalla. Muna tambaya ana faɗa mana gaskiya. Masallaci ba mu gani ba, a ɗaki muke salla, ƙararrawar coci kuma ta zame mana agogo.

Da safe garin na mutanensa ne. Tsofaffi na zaune a dandalin bakin ruwa, ana sauke kayan shaguna, masunta na duba ƙananan jiragensu na katako. Da hantsi ya yi sai jiragen ƙasa su fara amayar da jama'a, manyan jiragen ruwa masu yawo tsakanin ƙauyukan su ƙara nasu, titin nan guda ya cika har sai ka riƙe hannun yaro gam. A irin wannan lokacin ne babbar 'yarmu ta hango wasu ƙananan kwalekwale na roba, ja da rawaya, an jera su a gefen tashar ruwa ana bayarwa haya. Kayak ke nan. Ta ce, "Baba, can ba kowa." Ta nuna tekun da ke bayan madatsar duwatsu, gaskiyarta kuwa, ba kowa.

Hajiya ta ce atafau. Ba ta faɗi don wasa ba. Duk wanda ke sauraron labarai a Arewa ya san yadda kusan kowace damina ake jin kwalekwale ya kife da mutane a Kabi ko Neja ko Sakkwato, a yi ta tsamo gawarwakin 'yan kasuwa da 'yan biki, kuma kusan kullum maganar ɗaya ce: an yi lodi fiye da ƙima, babu mai rigar kariya. Ruwa ba sa'an kwando ba ne, in ji ta, balle wannan da ba a ganin ƙarshensa. Maiɗakina ce ta shawo kanta. Ta kai ta wurin masu hayar, ta sa aka nuna mata rigunan, aka ɗaura wa Auta tasa aka ja ta sama da ƙarfi don a ga ba za ta zame ta kansa ba, aka kuma tabbatar mata ɗan jagora zai bi mu a nasa kwalekwalen. Ta ce to, amma ita a kan benci za ta zauna da carbinta har mu dawo, kuma in wani abu ya sami mijinta da ni za ta yi shari'a. Wannan ma ta bakin 'yarta na ji shi.

Washegari da sassafe muka fita, don ɗan jagoran ya ce a wannan gaɓar safiya ce lokacin kwanciyar ruwa, da rana ta take iska ke tasowa. Asalin kayak na mutanen Inuwit ne na yankin ƙanƙara, waɗanda ke ɗinka fatar dabbar ruwa a kan ƙashi ko itace su shige ciki su yi farauta. Wanda ake ba baƙi haya a nan daban yake. Roba ce mai kauri da aka rufe ko'ina, a kanta ake zama ba a cikinta ba, kuma akwai 'yan ramuka a ƙasan mazaunin da ruwan da ya fantsamo ke zurarewa. Ko ya kife ba ya nutsewa, a juya shi kawai a sake hawa. Filafilinsa baki biyu ne, ana tsoma dama a tsoma hagu. Muka ɗauki masu zaman mutum biyu: mai nauyi a baya, shi ke juya akala, marar nauyi a gaba. Ni da Auta a ɗaya, uwa da 'ya a ɗaya. Maiɗakina ta sa dogon wando da riga mai dogon hannu marar nauyi, ta cusa bakin ɗankwalinta cikin rigar kariya, don an gargaɗe ta cewa mayafi mai yawo in ya jiƙe nauyi yake yi, yana kuma iya sarƙe filafili. Babu wanda ya kalle ta sau biyu.

Ɗan jagoran, wani siririn saurayi da rana ta gasa, bai cika mu da bayani ba. Ya ce kada mu tuƙa da ƙarfin damtse, mu juya ƙugu da kafaɗa, in ba haka ba kafin rabin hanya hannu zai mutu. Ya ce in babban jirgi ya wuce, mu juya hancin kwalekwale ya fuskanci igiyar da ya tayar, kada mu bari ta same mu a gefe. Ya ce kada mu matsa jikin dutse, don ruwan da ya bugi dutse yana dawowa ya haɗu da mai zuwa, wurin ya rikice, kuma daga sama tsakuwa na faɗowa.

Ba mu daɗe da fita daga madatsar ba aka gwada mu. Jirgin farko na masu yawo ya taho daga wajen Monterosso ya wuce can nesa, har na ɗauka ba ruwanmu da shi. Sai ga igiyoyinsa sun iso a jere, masu santsi, ba kumfa. Na tsoma filafili ta dama na ja, hancin ya juyo. Ta farko ta ɗaga Auta sama har na ga tafin ƙafarsa ya rabu da mataki, ta sauke shi ta ɗaga ni. Ta biyu ta mari hancin, ruwan sanyi ya zubo masa a cinya, ya ja numfashi ya ƙanƙame filafilinsa a ƙirji. Ta uku ƙarama ce. Na ji ruwan na fita ta ramukan ƙasa da ɗan ƙara. Ya juyo, gishiri a girarsa, ya ce, "Baba, akwai wani jirgin?" Can gefe kuwa uwa da 'ya sun shiga gardama, kowace na cewa ɗayar ce ke tuƙi ba daidai ba, kwalekwalensu na ta zagaye wuri ɗaya, har ɗan jagoran ya je ya ce ta gaba ta riƙa ƙirga, ta baya ta bi ta.

Da muka yi nisa kaɗan ya ce mu tsaya mu waiwaya. Daga cikin garin ba ka ganin garin, bango da ƙeyar mutane kawai kake gani. Daga ruwa ne yake haɗuwa wuri ɗaya: gidaje ja da rawaya da ruwan hoda, wani bisa wani, kamar jeren kwanuka a ɗakin amarya, hasumiya a gefe guda, coci a ɗayan. Yaran suka samu abin da suka zo nema. Ni kuwa abin da ke saman gidajen ne ya riƙe mini ido, shi ne kuma har yau nake tunawa in an ambaci wurin.

Tun daga inda rufin ƙarshe ya tsaya har kusan ƙololuwa, an yanka dutsen hawa-hawa. Kowane hawa 'yar siririyar gona ce, wata faɗinta bai wuce taku uku ba, kuma abin da ya riƙe ta katanga ce ta duwatsu da aka jera da hannu, ba siminti ba laka. Tun wajen ƙarni na 11 ake wannan aikin. Ana fasa dutsen wurin, a jera manya a gaba, a cika bayansu da ƙanana, a zuba ƙasar da sau da yawa a kwando aka ɗauko ta, sannan a dasa inabi ko zaitun ko lemun tsami. Rashin simintin shi ne dabarar: in an yi ruwan sama, ruwa na tsiyayewa ta tsakanin duwatsun a hankali, ƙasa ta zauna. Idan aka miƙe katangun yankin aka haɗa su, dubban kilomita ne. Wannan aikin hannu, fiye da fentin gidajen, shi ya sa UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 1997, Italiya kuma ta mai da shi gandun ƙasa mai kariya a 1999.

Daga kan kwalekwale kana iya karanta dutsen. Ga inda ake nomawa: layukan inabi a tsare, katanga a tsaye, da wani siririn ƙarfe guda da ya miƙe daga ƙasa zuwa sama, wanda ɗan ƙaramin inji mai jan akwatuna ke hawa a kansa lokacin girbi. Tun shekarun 1980 aka fara kafa irinsa, kafin nan a ka da kafaɗa ake sauko da inabi. Ga kuma inda aka bari, kuma shi ya fi yawa nesa ba kusa ba: daji ya rufe, sai ka lura sosai za ka ga alamar layuka a ƙarƙashin ganye. Nan da can sai ka ga wani dogon tabo ja, inda katanga ɗaya ta faɗi ta tura ta ƙasanta, ita ma ta tura ta gaba, har ƙasar ta zube cikin teku.

Dalilin barin ba ɓoyayye ba ne. Layin dogo da ya kawo sauƙi shi ya fara kwashe matasa zuwa ma'aikatun La Spezia da Jenowa. Waɗanda suka rage, daga baya suka gane ɗaki ɗaya da za ka ba baƙo haya ya fi gonar da za ka hau da ƙafa kana haki. Ban ga laifinsu ba, ni ma da ni ne lissafin da zan yi ke nan. Inabin nan giya ake yi da shi, ciki har da wata mai zaƙi da tsada da suke ji da ita, wadda ba ta shafe mu ba, amma kuɗinta na cikin abin da ke sa wasu ci gaba da gyaran katanga. Sai dai ina zaune a kan ruwa, na biya kuɗin haya na biya na kwalekwale, na san kuɗina na cikin abin da ya sauko da mutane daga kan dutsen da na zo kallo.

Ɗan jagoran ya nuna kwarin da ke bayan garin da filafilinsa, ya ce ta nan ruwan ya zo. Yana nufin ambaliyar 25 ga Oktoba, 2011. A cikin 'yan sa'o'i aka zubar da ruwan da ya kai na watanni, gangaren da ke saman Vernazza ya zaftare a wurare da dama. Titin nan guda ɗaya ashe rafi ne aka rufe da daɓe aka yi hanya a kansa. Ran nan rafin ya ƙwace hanyarsa, ya taho da laka da duwatsu da motoci, ya binne shaguna har zurfin da ya kai mita huɗu, ya cike tashar ruwa. Mutum uku na garin suka rasu, ruwa ya kai gawarwakinsu har gaɓar Faransa. Monterosso ma ta sha nata. Kusan shekara ɗaya bayan haka, a Satumbar 2012, duwatsu suka faɗo kan shahararriyar hanyar ƙafa da ke tsakanin Riomaggiore da Manarola, suka raunata baƙi, aka rufe ta, ba a sake buɗe ta gaba ɗaya ba sai 2024. Ruwa mai yawa irin wannan zai yi ɓarna ko ina ne, amma gonar da aka bari ta fi saurin sakin ƙasarta.

Muka ci gaba wajen Monterosso, dutse a damanmu. Tsakanin garuruwan biyu ta ruwa kamar kilomita uku ne. A can sama ana hango masu tafiyar ƙafa a jere bisa hanyar da ta bi gefen dutsen, ba a jin muryarsu. Jikin dutsen kansa shimfiɗa-shimfiɗa ne, ya lanƙwashe ya naɗe. Akwai wuraren da ba a isa gare su sai ta ruwa: wani ɗan kogo da kwalekwale ke leƙawa ya fito da baya, da wani wuri da ruwan daɗi ke zubowa daga sama kai tsaye cikin teku. A wani ɗan lungu mai tsakuwa muka ja kwalekwalen muka huta. Ruwan garau yake, kana ganin ciyawar ƙasan teku na kaɗawa da ƙananan kifaye a tsakaninta. Tun 1997 wannan ruwan ke ƙarƙashin kariya, an kasa shi shiyya-shiyya, kuma a bakin Punta Mesco, babban hancin dutsen da muke hangowa bayan Monterosso, an taƙaita shiga sosai. Tekun nan, Bahar Rum, ba ya cika ya janye sosai yadda manyan tekuna ke yi, don haka inda ka ajiye kwalekwale nan za ka same shi. Abin da aka ce mu kula da shi wata halitta ce mai yauƙi, ruwan hoda, mai zaruruwa, da ke yawo a saman ruwa, in ta taɓa fata sai ta yi zafi ta tashi. Babbar ta ga ɗaya, ta janye ƙafarta, ba ta sake tsomawa ba.

Ba mu ƙarasa Monterosso ba. Ɗan jagoran ya kalli can cikin teku inda launin ruwan ya fara duhu, ya ce mu juya. Auta ma ya yi shiru, alamar cikinsa ya fara juyawa, aka ce ya daina kallon ƙafarsa ya kafa ido a kan hasumiya. Dawowar ta fi zuwan aiki. Iska ta taso, ruwan ya fara tsalle ƙanana-ƙanana, kowane tsomi sai ka ji shi a kafaɗa. Uwa da 'ya, da suka fara da rigima, su suka riga mu shiga tasha, tuƙinsu ya daidaita ɗaya bisa ɗaya. Hajiya na tsaye a ƙarshen madatsar, wurin da sai an taka duwatsu ake kaiwa, ba a kan bencin da ta ce ba.

Ashe ba ta yi zaman kaɗaici ba. Wasu tsofaffin mata 'yan garin sun matsa mata wuri, aka yi hira ba da harshe ɗaya ba. Sun nuna mata hotunan ambaliyar da aka liƙa a bango, ɗaya ta kama hannunta ta kai ta ta nuna mata inda laka ta tsaya a jikin gidanta, sama da ƙofa. Hajiya ta ƙirga musu jikokinta da yatsu, su ma suka ƙirga nasu, suna nuna nesa da hannu, wato duk ba sa garin. Ta ce mana da dare, "Matan nan irinmu ne, 'ya'ya sun watse sun bar su da gida."

Wata safiya na ɗauki babbar muka hau hanyar gonakin. Ana sayen katin shiga, kuma tun 2019 an hana hawa da silifa, tarar tana farawa daga Yuro 50 har 2,500, saboda masu ceto sun gaji da sauko da waɗanda suka karye. A wani hawa muka tarar da mutum biyu na tayar da katangar da ta zube, dattijo ɗan garin da wani saurayi baƙar fata da ya amsa sallamata kafin in rufe baki. Daga Gambiya ya zo, ta Agadas da Libiya. A yankin akwai shirye-shiryen koya wa marasa aiki da baƙin haure wannan sana'a, musamman a Manarola, inda mazauna suka kafa gidauniya don farfaɗo da gonakin da ke saman ƙauyensu. A 2018 UNESCO ta sa ita kanta sana'ar jera dutse ba siminti cikin al'adun da ake karewa. Na tsaya ina kallon hannunsa. Zai ɗauki dutse ya jujjuya shi, ya ɗora, ya girgiza, in ya motsa ya cire ya nemi wani. Kowane dutse sai ya hau kan biyu na ƙasansa, tsawonsa ya shige ciki, fuskar katangar kuma ta ɗan kwanta wajen dutsen. Dattijon bai cika magana ba, sai dai ya taɓa wani da ƙafa, saurayin ya cire shi. Duk tsayuwar da muka yi, abin da suka tayar bai kai tsawon hannu ba. A ƙasanmu jirgin ƙasa ya shigo ya sauke ɗaruruwan mutane.

Ganin an je an dawo lafiya, Hajiya ta sauya ra'ayi. Ta aiko 'yarta ta gaya mini ita ma tana son ganin garin daga ruwa, amma a babban jirgi mai inji da kujera, ba a kan robar nan ba. Na je na duba lokutan tashi. Cikin dare iskar kudu maso yamma, wadda suke kira libeccio, ta taso. Da gari ya waye igiyar ruwa na haurowa ta kan madatsar, masunta sun janye jiragensu har cikin dandali sun jera su gaban shagunan shayi, an ɗaure kayak ɗin duka da sarƙa, an kuma liƙa takarda cewa babu jirgin da zai tsaya Vernazza. Haka ya kasance har muka koma Jenowa ta jirgin ƙasa. Yanzu in 'yan'uwa sun zo gaishe ta a Kano ana labarin tafiyar, cewa take yi an yi ta roƙonta ta shiga teku ita ce ta ƙi, Auta na gefe yana cewa ƙarya ne, tana cewa wa zai yarda da maganar mijin da ya yi saki a tasha.